Wasiƙa daga Buffalo: cire wayar birkin hannu, da bambancin gyaran mota a nan da gida

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran gareji, ga bayanin da ka nema kan sha'anin gyaran mota a Amurka. Zan kafa shi a kan aikin da ka fi ni sani, wato cire wayar birkin hannu daga birkin baya mai dirom (ƙarfen nan mai kama da kwano da ke juyawa tare da taya, takalman birki suna cikinsa), domin kwanan nan na yi shi a tsohuwar Honda Civic ɗina.

A jihar New York, inda birnin Buffalo yake, doka ta wajabta a kai kowace mota bincike duk wata 12, kuma birkin hannu yana cikin abubuwan da ake gwadawa, idan bai riƙe ba ba za a manna wa motar takardar shaida ba. Abin da ke kashe wayar a nan kuwa gishiri ne, wanda hukuma ke watsawa a titi lokacin sanyi domin ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana kutsawa cikin rigar wayar, tsatsa ta cinye ta daga ciki, har ta kai idan an ja birkin ba ya sakuwa, takalman su yi ta gugar dirom ana tafiya. A Kano ƙura da tsufa ne ke gajiyar da waya, shi ya sa idan ka zuba mata mai ka motsa ta sau da yawa takan farfaɗo, amma wadda gishiri ya ci ba ta da magani sai sabuwa.

Tsarin aikin ɗaya ne da naka. Ana tokare tayoyin gaba, a ɗaga motar a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, a sassauta notin da ke ɗaure wayoyin biyu a bayan sandar birkin hannu, sannan a cire taya da dirom. Bayan an sauke takalman birki, sai a ja sifirin ɗin da ke kan wayar baya da filaya, a zare kanta daga hannun ƙarfen da ke jikin takalmin baya. Inda aikin yake tsayawa shi ne wurin da rigar wayar ta ratsa farantin baya, domin wasu 'yan haƙoran ƙarfe ne suke buɗewa su riƙe ta bayan an tura ta ciki. Wanda ya sa sukundireba yana danna su ɗaya bayan ɗaya zai sha wahala, yana danna wannan wancan yana buɗewa. Dabarar da na koya a nan ita ce a zura zoben sufana mai lamba 12 ta kan wayar har ya hau haƙoran ya matse su gaba ɗaya, sai a ja rigar ta baya ta fito salin alin. A motocin Ford da yawa lamba 13 ce ke shiga. Ina roƙonka ka nuna wa yaranka wannan, domin haƙoran da aka karya da guduma ba sa sake riƙe waya yadda ya kamata.

Ta fuskar kaya, gaskiya nan sun fi mu sauƙin sha'ani. Idan ka shiga shago irin AutoZone ko Advance Auto Parts, shekarar motar da samfurinta kawai za ka faɗa, ko lambar jikinta mai harafi da alƙalami 17, kwamfuta ta fitar da wayar dama ko ta hagu daidai tsawonta, tare da garanti a rubuce. Ba sai ka ɗauki tsohuwar ka zaga kasuwar Ƙofar Ruwa kana gwada ta da ta Beljiyam ba. AutoZone har aron kayan aiki suke bayarwa, ka ajiye kuɗin jingina, idan ka mayar su mayar maka da kuɗinka cif.

Wurin kuɗin aiki ne lamarin ya juye. Gareji a nan da awa yake lissafi, awa ɗaya takan haura dala 100, kuma akwai littafin da ya ƙayyade awannin kowane aiki, saboda haka ladan bakanike yakan ninka kuɗin wayar kanta, ga shi sai an ba ka rana kafin a duba motar. Babu ciniki, babu sanayya, kuma ba za ka sami wanda zai zauna ya gyara ƙaramin ƙarfe ko ya yi masa walda ba, sauyawa kawai suke yi. A wannan fannin hannunku ya fi nasu nesa ba kusa ba, kuma abin yana damuna ganin ƙanƙantar abin da ake biyanku a kansa.

Abu guda da nake so ka ɗauka daga wurinsu shi ne yadda suke kaffa-kaffa da ƙurar da ke cikin dirom. Ba sa hure ta da baki ko da iskar kwamfuresa, ruwan wanke birki na gwangwani suke fesawa ta gangara ƙasa, saboda wasu takalman birki, musamman tsofaffi, suna ɗauke da asbestos mai lalata huhu. Idan gwangwanin ya yi tsada a can, yaran su jiƙa tsumma su goge, su kuma rufe hanci kafin su buɗe dirom.