Kilinik ɗin dabbobin da na kai Barde, abin da na gani cikin wata biyar

Mutum uku ke nan cikin satin nan suna tambayata wai ina na kai karena da ke ɗingishi, kuma wurin ya yi ko bai yi ba, to bari in rubuta gaba ɗaya in huta da maimaici. Sunan wurin ba zan sa ba, don akwai abin da zan yaba akwai kuma wanda zan kushe.

Barde berje ne, irin manyan karnukan nan na Jamus masu tsayayyun kunnuwa, ƙanena ya kawo mini shi daga Kano yana ɗan wata biyu don gadin gida da magaza. Yana wata shida na fara lura in ya tashi daga barci sai ya ɗan tsaya kamar tsoho mai sanyin ƙashi, ya riƙa taka ƙafar gaba ta hagu a hankali, in ya zagaya tsakar gida sau biyu sai ya sake kamar ba shi ba, ran da yara sunka yi guje-guje da shi da marece kuma washegari abin ya fi na jiya. In yana tahiya kansa na ɗagawa sama duk sanda ƙafar ta taɓa ƙasa. Ni na ce ƙaya ce, na duba tafin ban ga komi ba. Gardinmu ya ce targaɗe ne a kira maɗori, kuma ba tare da ya gaya mini ba ya sayo diklofenak wurin mai tebur ya cusa mishi cikin tuwo kwana biyu a jere, sai da karen ya fara amai ya ƙi abinci sannan ya faɗi gaskiya. Aman nan ne ya kai mu kilinik, wallahi da ɗingishin ne kaɗai da ƙila har yau ina cewa zai wuce.

Wurin ɗaki biyu ne. Na gaba shago, maganin tsutsa, abincin kaji, dutsen lasa, na baya kuma tebur na ƙarfe da firijo na allurai. Tsabta ba laifi, an share an wanke, amma wurin zama benci guda ne a waje kuma layin duk jajayen awaki ne da raguna, ni kaɗai ne mai kare, kowa ya ja dabbarshi gefe yana kallona. Wani dattijo ya kasa haƙuri ya ce Alhaji yanzu kare ka kawo asibiti, na ce baba shi ke kwana waje yana tsaron dukiyata ni ina barci, ya yi dariya ya ce to Allah ya ba shi lahiya.

Abin da ya fara burge ni da Dokta, bai taɓa sirinji ba. Ni na san wuraren da kahin ka gama bayani an danna ma dabba allura uku an rubuta maka lissahi. Shi ko da ya ji maganar diklofenak sai da ya ajiye biro ya ce Alhaji wanga magani da ibuprofen na mutane ne, kare suna huda mishi ciki suna kashe ƙoda, ka gode Allah kwana biyu ne. Ya ba da maganin ciki, sannan ya ce in ja karen da igiya mu je mu dawo a gaban shagon yana tsugune yana kallo, sau huɗu. Daga nan ya ɗora shi tebur ya bi ƙafar tun daga farce har kafaɗa, da ya zo gwiwa ya lanƙwasa ta ya miƙe ta sosai sai Barde ya yi ƙara ya janye, ya sa na taɓa da hannuna na ji ta ɗan kumbura ta waje in an gwada da ta dama. Ya ce yana zargin wani abu amma ba zai faɗi sunanshi ba sai an yi radiyo, wato hoton ƙashi.

To a nan matsalar wurin take, ba su da injin radiyo. Sai dai ya shirya da wani kilinik na mutane a yi bayan an tashi, da dare, kuma dole ya zo da kanshi don sai an sa ma karen allurar barci saboda hoton da ake so sai an naɗe gwiwar sosai, kare a farke ba zai yarda ba. Randebu na farko Dokta ya tahi ƙauye rigakahin shanu bai kira ni ba, na je na iske yaron shago kaɗai. Na biyu kuran ya ɗauke. Sai na uku anka yi, kwana takwas tsakani, kuma ranar ma sai da na yi awa biyu cikin mota da kare. Wannan kam ban ji daɗinshi ba kuma na gaya mishi, ya ba da haƙuri amma ban ga alamar abin zai canza ba, mutum guda ne aiki ya yi mishi yawa.

Bayanin da ya yi mini da hoton ya hito shi ne ya biya ni duk wahalar nan. Ya juya takardar ordinansi ya zana mini a baya. Ya ce gwiwar ƙafar gaba ƙashi uku ne sunka haɗu, umerus daga sama, radiyus da kubitus daga ƙasa, kuma sai ukun sun girma daidai da juna sannan su zauna cif, in ɗaya ya ɗan wuce ɗaya ko da kaɗan ne sai nauyi ya taru wuri guda, kamar ƙyauren da bai zauna a mazauninshi ba kullum yana cin gefe ɗaya. Sunan ciwon displazi na gwiwa. Na Barde, akwai wata ƴar ƙugiya a saman kubitus wadda a berje take tasowa daban sannan ta manne da uwar ƙashin wajen wata biyar, tashi ba ta manne ba, ga layin rabuwar nan a hoto ko ni da ban san komi ba na gan shi, tana motsi a cikin gaɓar tana gurzar guringuntsi. Ya ce akwai wasu iri, wani ɗan tsinin ƙashi ne daga ciki ke tsagewa, wani guringuntsin ne ke ɓarewa, kuma mai tsagewar nan sau da yawa radiyo ba ya nuna shi sai sikana, injin hoton da ya fi radiyo gani, don haka ta dama da anka ɗauka ta hito lahiya amma ba zai rantse mini ba, ciwon ya saba kama biyun. Na so wannan maganar, likitan da zai ce ga iyakar abin da hotona ke gani.

Na tambaye shi ko faɗuwa ya yi ko wani ya buge shi, don har na fara zargin yaran unguwa. Ya ce a'a, gado ne, daga iyaye yake, kuma ya fi kama manyan karnuka masu saurin girma, berje, labrado, rotwaila, yawanci kahin su cika shekara, maza sun fi. Sannan ya tambaye ni mi nike ba shi. Na fara lissahi da alfahari, tuwo da miya sau uku, madara, ragowar nama daga wurin mahauci, ga ƙwayar kalsiyom da mai sai da karen ya ce a riƙa ba shi don ƙashi ya yi ƙwari kunnuwa su tsaya. Dokta ya yi shiru ya ce to gadon shi ya kawo ciwon amma kai ka yi mishi taki. Ƙiba da saurin girma suna ƙara ma gaɓar nauyi, kalsiyom mai yawa kuma ɓata tsarin girman ƙashin ɗan kwikwiyo yake, ba gyara ba. Munka ɗora shi sikelin buhu, kilo 32 yana wata bakwai. Ni a ganina ƙosasshe ne abin nuna ma baƙi.

Maganar operasiyo, wato aikin tiyata, bai ɓoye mini komi ba. Ya ce ana yi, ko a cire gutsuren, ko a ɗaure shi da ƙusa, wani lokaci a yanka kubitus ɗin don a sassauta matsin, kuma da wuri ya fi, amma shi ba shi da kayan kuma bai taɓa yi ba, ba zai koya a kan karena ba. Ya ce in ina so in bincika asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, zai rubuta mini takarda in tahi da hotunan. Ya ƙara da cewa ko an yi aikin, amosanin gaɓa na nan zuwa da shekaru, ragewa ake ba kawarwa ba. Na zauna na lissafa hanya ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina da kare mai kilo talatin cikin mota, da takardun boda, da zaman jinya, da kasuwata da zan bari, ban kai shi ba. Wannan shawarata ce ba tashi ba, shi ya ce da nashi ne da ya gwada, kuma har yanzu wani lokacin abin na cina.

Abin da munka koma yi a gida shi ne aikin gaske kuma duk shi ya tsara. Abinci da awo, kwano guda ya nuna mini iyakar layin, sau biyu a rana, kalsiyom an daina. Ya ce ma'aunin shi ne in na shafa gefenshi in ji haƙarƙari ba sai na danna ba, in na kalle shi daga sama in ga ƙugu. Yaƙin da na yi ba da karen ba ne, da mutanen gida ne, uwargida ta ce ina horon bawan Allah da yunwa, yara na jefa mishi ƙanzo ta bayan kicin, sai da na kai babban yaron wurin Dokta ya nuna mishi hoton sannan anka samu lahiya. Yanzu yana shekara guda kilo 33, ya ƙara tsawo bai ƙara teɓa ba.

Barandarmu karo ce mai santsi, nan ya fi zamewa, munka shimfiɗa tsohon kafet. Ƙwallo an hana, tsalle daga bayan mota an hana, ɗaukarshi nike in sauke. Amma kuma bai ce a ɗaure shi wuri guda ba, ya ce naman ƙafar in ya saki gaɓar ce za ta sha wuya, don haka tahiya da igiya minti goma sha biyar bayan asuba da bayan magariba, kullum, a ƙasa mai tauri, ba cikin rairayin nan namu mai nutsewa ba, kuma ba kan gudro da rana ba. Ya ce iyo ya fi komi don ruwa na ɗauke nauyi, na ce Dokta sai dai in kai shi tabkin Madarunfa, munka yi dariya anka bar maganar. Da hunturu ya shigo sai da na sa mishi tsohuwar katifa a zaure don safiyar sanyi ta fi kama shi.

Maganin ciwo meloksikam ne na dabbobi, gwargwadon kilo, a kan abinci, ba kullum ba sai lokacin da abin ya motsa, kuma ya ja kunnena in na ga amai ko baƙin kashi in tsaya in kira shi, kar kuma a kuskura a haɗa da deksa, maganin kumburin nan da mutane ke ba dabba kamar gyaɗa. Man kihi ma ya ce yana ɗan taimakawa. Sau biyu na je maganin ya ƙare sai an aiko daga Yamai, sati guda ina jira. Wanda ya fi ɓata mini rai, ran da Dokta ba ya nan yaron shagon ya ɗauko mini wani bitamin mai kalsiyom yana ta yabonshi wai na ƙarfin ƙashi ne, abin da ubangidanshi ya hana da bakinshi. Da ban san karatun kwali ba da na saya. In kun je ku nemi ganin likitan da kanshi, yaron kirki ne amma ɗan kasuwa ne.

Kuɗin da na biya, duba na farko jikka uku, radiyo biyu da allurar barci jikka ashirin da biyar, komawa awo bai karɓi komi ba. A ganina ba tsada.

Wani maƙwabcina da ke da macen berje ya zo yana so a haɗa su, na kai maganar Dokta ya ce sam, ƴaƴan za ka raba ma mutane da ciwon. Ya ce a Turai masu kiwon irin nan sai kare ya shekara an yi mishi radiyon gwiwa an ba shi maki daga 0 zuwa 3 kahin a bar shi ya yi barbara, mu ko nan a kwali ake kawo mana su ba wanda ya ga uwa balle uba. Maƙwabcin ya ji haushi, yana ganin rowa ce.

Barde dai bai warke ba kuma an gaya mini ba zai warke ba, amma ɗingishin safe ya ragu ƙwarai, wata biyu ke nan bai sha magani ba, kuma haushinshi da dare bai ragu da komi ba, ku tambayi masu wucewa ta layinmu. In karenku ƙarami ne babban iri kuma ya kwana bakwai yana ɗaga ƙafar gaba, wurin ya isa a je, sai dai ku kira kahin ku hito, kar ku je Litinin ko Juma'a ranar kasuwa don layin raguna har bakin titi, kuma ku tahi da ruwan karenku, babu inuwa a bencin bayan ƙarfe goma.