Garkuwar Ankh ko ta ƙanƙara a Terraria?

Ɗan'uwa, idan zaɓinka tsakanin garkuwar Ankh (Ankh Shield) da ta ƙanƙara (Frozen Shield) ne a wasan bidiyo na Terraria, kana wasa kai kaɗai kuma ba ka kashe Plantera, babbar dodanniyar daji, ba, to haɗa Ankh Shield kawai.

Ankh ɗin nan alamar rai ce ta tsoffin Misirawa, mai kama da gicciye da zobe a samansa, amma a Terraria ba ta tayar da matacce. Aikinta tsare ka daga illolin da dodanni ke ɗora maka: guba, zubar jini, ruɗewa, duhun ido, nauyin ƙafa, raunin jiki, fashewar sulke, hana sihiri, da la'anar da ke hana ka taɓa makami. Tana ƙara kariya 4, bugu ba ya jefar da kai baya, kuma za ka taka duwatsun wuta lafiya. Daɗinta sai ka shiga kurkukun ƙasa, ƙoƙon kai mai shawagi ya taɓa ka, takobinka kuma bai daina sara ba.

Wahalar tana wajen tara kaya. Guda 10 ne, ana haɗa su biyu-biyu a teburin Goblin Tinkerer: Bezoar da Adhesive Bandage, Vitamins da Armor Polish, Fast Clock da Trifold Map, Nazar da Megaphone, sai Blindfold da Pocket Mirror. Biyar ɗin da suka fito ake haɗewa su zama layar Ankh. Ita za ka haɗa da Obsidian Shield, wato haɗin Cobalt Shield ta akwatunan kurkuku da ƙoƙon da ake ƙerawa da obsidiyan 20 a murhu. Yawancin kayan 10 ɗin nan kashi 1 cikin 100 suke faɗowa daga dodannin da ka kashe, a mataki mai wuya na Expert kusan kashi 2. Nan mutane ke karaya, alhali tun sabuntawar 1.4.4 ta 2022 an sauƙaƙa: jefa ɗaya daga cikin kowane biyu a ruwan Shimmer mai sauya kaya, zai koma abokinsa. Zanzaron daji sun ba ka Bezoar biyu? Jefa ɗaya, ka samu bandejin. Haka madubin Pocket Mirror, kada ka ɓata dare kana bin dodanniya Medusa da ke yar da shi. Kunna kyandir ɗin ruwa (Water Candle), ka sha maganin Battle Potion, dodanni su yawaita.

Kada ka ɗauka ta tsare komai. Illolin Cursed Inferno, Ichor da dafin Venom duk suna kama mai ita.

Frozen Shield kuwa, kariya 6 ce, tana rage bugu da kashi 25 idan jininka ya sauka ƙasa da rabi. Ba laifi, amma sai bayan Plantera ake samun garkuwar Paladin da ake haɗa ta da ita, kuma rabin amfaninta ɗaukar wa abokan wasa bugu ne.

Ka kuma yi hattara da masu tallar wasan da suka ce an buɗe komai a ciki, ko fayil ɗin duniya cike da kaya, a turo musu kuɗi ko kati. Wasu tsohon zubi ne da babu Shimmer a ciki, wasu kuma suna ɗauke da ƙwayar cutar waya. Saya a Steam ko Play Store.