Shagon gyaran waya a Farm Centre da ya san darajar kurame

Jiya na raka ƙanina Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, gyaran waya, sikirin ɗinsa ya fashe, shi kuma kurma ne, makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki ya yi. Wlh na zata irin ta kullum za a yi, a ɗaga masa murya kamar ihu zai buɗe kunne, ko a juyo a ce min "me yake so?" yana tsaye.

Ashe akwai yaron shagon shi ma kurma ne, nan take suka kama maganar hannu ni na koma ɗan kallo, har ciniki suka yi ya samu ragi ban san ya akai ba. Farashi duk a rubuce jikin allo, kuma oga ya ce in an gama saƙon WhatsApp za su turo wa layina tunda wayar tana hannunsu.

Inda suka gaza, cikin shagon duhu, da aka ɗauke wuta sai da suka fito bakin ƙofa suke ganin hannun juna. Oga a sa fitila mai caji don Allah, ba ta da tsada.