Ƙaramin bod ɗin FT2232H da na siya, ya biya kuɗinsa

Wallahi ban zaci ɗan abun nan, mai haɗa kwamfuta da bod ɗin da ake gyarawa don a gwada shi, zai yi aiki haka ba. Na jona shi da laftop ta USB, na haɗa wayoyin JTAG (hanyar gwada cif daga waje) guda huɗu, TCK, TDI, TDO, TMS, da giraun, da bod ɗin da nake gyarawa, na buɗe manhajar UrJTAG na buga umarnin detect sai ga sunan cif ɗin ya fito. Da fayil ɗin BSDL (mai bayanin ƙafafun cif) na dinga gwada ƙafafun BGA (cif mai ƙafafu a ƙarƙashinsa) ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suke ƙarƙashi mita ba ta kaiwa, a haka na gano inda dalma ta saki.

Sai dai FT2232H ɗin 3.3V yake fitarwa, in bod ɗinka na 1.8V ne nemi mai sauya boltej tukunna. Gudun FT2232H ɗin yana kaiwa 30MHz amma ni da dogayen wayoyina sai da na rage gudun.