Gunson Colortune: fulogin gilashi mai nuna kalar wuta a cikin silinda

Colortune fulogi ne da kamfanin Gunson na Ingila ke yi, mai gilashi a jikinsa, ta yadda ido zai ga wutar da ke ci a cikin silinda injin na aiki. An yi shi ne don motocin fetur masu kafireto, irin su Peugeot 504, Volkswagen Beetle da tsofaffin MG. Mai zaren milimita 14 shi ke shiga yawancinsu. Akwai kuma na 12 da na 10. A kwalin za ka tarar da fulogin, washa, guntuwar wayar wuta, ɗan buroshi, da bututu mai madubi na leƙawa.

Duk wanda ya san risho ya san karatun: wuta rawaya mai baƙanta tukunya, shuɗiya mai ci tsaf. Haka yake a nan. Rawaya ko ruwan lemo, mai ya yi yawa. Shuɗi sosai, haɗin ya kusa daidai, wato wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Shuɗi mai fari-fari, ga injin yana tsallen wuta, mai ya yi kaɗan.

Kafin a ɗaura shi, sai an gama da taimin, gibin bawul, fulogai da matatar iska. In ɗayansu ya kuskure, kalar za ta ruɗe ka. A bar injin ya yi zafi, cok a buɗe gaba ɗaya, sannan a kashe, a cire fulogi ɗaya, a sa Colortune da washarsa. Da hannu ake ɗaure shi, sai a ɗan taɓa da sifana kaɗan. Ƙarfin da ake sa wa fulogi na gaske zai iya fasa gilashin. A tayar a bar shi a sulo. A kafireton Solex, a warware sukurun mai a hankali har wuta ta koma rawaya, sannan a riƙa mayar da shi kwatan juyi a kowane karo, ana jiran 'yan daƙiƙoƙi tsakani, har rawayar ta ɓace. Inda ta ɓace nan ake tsayawa. Kada a bi shuɗin can ciki, domin yawancin tsofaffin injuna sun fi zama lafiya a sulo idan man ya ɗan fi. A kafireton SU kuwa notin ƙarƙashin jet, wato bututun da mai ke fitowa ta cikinsa, ake juyawa gefe ɗaya-ɗaya cikin gefensa 6, saukar da shi na ƙara mai.

Inda ya fi biyan kuɗinsa shi ne gano cuta. Idan an murza totur farat ɗaya, rawaya ta walƙa ta wuce, famfon totur na aiki, ba laifi ba ne. Idan rawaya ta ƙi tafiya duk yadda aka juya sukuru, a duba fulot, wato abin da ke tsayar da shigar mai cikin kafireto idan ya cika, ko allurarsa, mai na ambaliya. Idan silinda ɗaya ta yi fari-fari sauran na shuɗi, iska ce ke shiga ta gasket ɗin manifol. Ga mota mai kafireto 2, ko kafireton Weber DCOE mai maƙogwaro guda ga kowace silinda, bin silindojin da Colortune ɗaya bayan ɗaya ya fi saurare da kunne nesa ba kusa ba.

Aibinsa a fili yake. Ba a tuƙi da shi, ba a kuma barin sa ya daɗe da totur a sama, don haka bai san abin da babban jet ke yi a hawan tudu da kaya ba. Gilashin na yin baƙi cikin 'yan mintuna idan mai ya yi yawa ko injin na cin baƙin mai, sai an cire an goge, kuma da zafi yake fitowa. A tsakar rana ba a ganin komai, sai a inuwa ko da almuru. Madubin kuwa a 504, inda fulogai ke can cikin rami, dole ne amma yana buƙatar haƙuri. Wayar ma tana iya jan mutum, a kiyaye hannu.

Motar da kwamfuta ke raba mata mai ba ta buƙatar sa, dizal kuwa ba zancensa. Amma bakaniken da har yanzu ke karɓar masu kafireto, kuma ba shi da na'urar auna hayaƙin salansa, ya dace ya ajiye guda a akwatin kayan aikinsa, da washa ta canji.