Jakar Magani Don Kwanaki a Dajin Gashaka-Gumti: Abin da Za Ka Saya da Abin da Za Ka Bari a Kanti

Gashaka-Gumti shi ne gandun dajin ƙasa mafi girma a Najeriya, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Wanda zai shiga can ciki, ko don hawan dutse, ko bincike, ko aiki tare da jami'an gandun, ya sani cewa daga inda mota ta ajiye shi ya fara taka sayyada, asibiti ya zama maganar kwanaki. Idan ƙafa ta karye a kwana na uku, ɗaukar mutum za a yi a kafaɗa har inda babur zai iya zuwa, sannan garin Serti inda ofishin gandun yake, sannan wataƙila Jalingo. Saboda haka kafin ka sayi ko da filasta ɗaya, ka tambayi wanda zai yi muku jagora: daga wuri mafi nisa da za mu kai, awa nawa ne zuwa gaban likita? Da amsarsa za ka auna kowane abu da za ka saka a jaka.

Zaɓi na farko shi ne tsakanin akwatin da aka riga aka haɗa da wanda za ka haɗa da kanka. Akwatunan nan masu jan launi da ake sayarwa a manyan kantuna da intanet suna da ban sha'awa, an rubuta musu yawan kayan da ke ciki da manyan lambobi. Buɗe ɗaya ka ƙirga. Mafi yawan lissafin ƙananan filasta ne, da fil, da 'yan ƙyallayen goge fata, kowanne an ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Don ofis da mota aka yi su, inda asibiti ke bayan layi. Ba za ka samu maganin maleriya a ciki ba, ba abin tsabtace ruwa, bandejin kuma ba zai ishi babban rauni ɗaya ba. Akwai na kamfanonin waje da aka tsara don masu tafiyar daji, irin na Adventure Medical Kits, kayan ɗaurin rauninsu na da kyau ƙwarai, amma da tsada, kuma an haɗa su ne da tunanin dazukan Amurka, inda babu maleriya. Ni dai shawarata ita ce ka sayi jaka wadda babu komai ciki, ka cika ta da hannunka a kantin magani mai rajista. Abin da ka saka da kanka, za ka lalubo shi cikin duhu.

Jakar kanta ta yadi mai laushi ta fi akwatin roba, domin a baya za ka goya ta. Ka raba kayan cikin ledoji masu zif: na rauni daban, na ciki da zazzaɓi daban. Akwai tsallaken rafuka a hanyar, kuma goz, wato farin ƙyallen rufe ciwo, in ya jiƙe ya tashi daga aiki.

A kan ruwa ya kamata kuɗinka ya fara tafiya, don gudawa ta fi maciji saurin kayar da matafiyi. Hanyoyi uku ne a gabanka. Tafasawa ta fi duka tabbas, tana kashe kowace irin ƙwayar cuta: minti ɗaya yana tafasa ya isa, amma a saman dutse, sama da mita 2,000, a kai shi minti uku. Matsalarta itace da lokaci, kuma babu mai tsayawa hura wuta da tsakar rana ana cikin tafiya. Ƙwayar kulorin irin Aquatabs ba ta da nauyi ko kaɗan, a jefa a jira minti 30, sai dai ka karanta kwalin da kyau, domin akwai ta lita ɗaya, akwai ta jarka guda. Ruwan WaterGuard ma aikinsu ɗaya, amma kwalba ce, tana iya tsiyaya a jaka. Raunin kulorin shi ne ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, kuma akwai ƙwayar cutar gudawa mai suna kiriftosforidiyam da ba ya iya kashewa. Matatar hannu irin Sawyer tana tare wannan da sauran ƙwayoyin bakteriya, amma bairos na wucewa ta cikinta. Ka ga kenan kowacce da inda ta gaza. Mai hali ya haɗa biyu: ya tace, sannan ya jefa ƙwaya. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi ƙwayar kulorin mai yawa, ya tace ruwan da tsaftataccen ƙyalle, da dare kuma a tafasa na gobe.

Idan cikin ya riga ya ɓaci, ORS ne magani, wato haɗin gishiri da sukari da ake narkawa a ruwa. Ka sayi na leda, mai yawa, har ka ga kamar ya yi yawa. Yawancinsa lita ɗaya ake haɗa shi da ita, wato daidai fiya-wata biyu, amma ka duba rubutun. In ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya za su riƙe mutum, sai dai awon hannu a daji yakan kuskure, gishiri in ya yi yawa kuma illa ne. Lofaramaid, mai tsayar da gudawa, yana da amfani ranar da dole a yi tafiya, amma ba a ba mai zazzaɓi ko wanda ke bayan gida da jini. Al'adar nan ta haɗiye Flagyl da zarar ciki ya murɗa, ko Ampiclox don kowane ƙurji, ka bar ta a gida. Tafiya mai nisa irin wannan tana iya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma likita ne zai zaɓa maka, ya rubuta a takarda yaushe za a sha da yadda za a sha, takardar ta zauna cikin ledar maganin.

Sai maleriya. Tun 2005 Najeriya ta bar kulorokwin ta koma magungunan haɗi da ake kira ACT, domin cutar ta daina jin tsohon maganin. Kada mai kanti ya cusa maka kulorokwin ko Fansidar don araha. Ka nemi atemita da lumefantirin, wanda aka fi sani da Coartem, ko wani ingantacce mai haɗi iri ɗaya. Ana samunsa iri biyu ga babban mutum: mai ƙarfin 20/120, ƙwaya huɗu a kowane sha, 24 gaba ɗaya, da mai 80/480, ƙwaya ɗaya a kowane sha, shida gaba ɗaya. Aikinsu ɗaya, sha shida cikin kwana uku. Na biyun na fi so don tafiya, ya fi sauƙin lissafi ga mutumin da zazzaɓi ya ruɗa. A sha shi da abinci mai maiƙo, ko da ƙuli-ƙuli ko madara, don ya shiga jiki sosai. Ka haɗa da kayan gwajin gaggawa, wanda ake ɗiga jinin yatsa ya nuna sakamako cikin minti 15 zuwa 20, da ma'aunin zafin jiki. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, kuma idan gwaji ya nuna babu ita amma jiki na ƙara zafi, wannan alama ce ta a juya a nufi gari. Haka nan wanda ke amayar da duk abin da ya sha, ko ya fara sambatu, ƙwaya ba za ta yi masa ba, allurar asibiti yake buƙata. Wanda ya daɗe a ƙasar waje ya dawo, garkuwar jikinsa ta ragu, ya ga likita a ba shi na rigakafi kafin ya taso.

Wajen maganin ciwo, farasitamol ne zai zama babba a jakar: ƙwaya biyu ta 500, kada a wuce takwas a kwana ɗaya. Ibufurofen da daikulofenak sun fi shi aiki a kan targaɗe da kumburi, amma suna taɓa ƙoda ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare, suna tayar da gyambon ciki, kuma suna ƙara zubar jini. Ka ɗauki kaɗan, ka ware su a ledarsu. Tiramol kuwa kada ya shiga jakarka: yana kawo jiri a hanyar da santsi ɗaya kan jefa mutum kwazazzabo, kuma in babu takardar likita za ka sha tambayoyi a shingen jami'an NDLEA.

Rauni wankewa yake so kafin komai. Abu mafi araha a jerin nan shi ne ya fi amfani: babban sirinji ba tare da allura ba, a cika shi da ruwan sha mai tsabta a fesa cikin ciwon da ƙarfi, a yi ta maimaitawa har ƙasa da tsakuwa su fita. Tsakanin sifirit, haidurojin, shuɗi da aidin, ka ɗauki aidin ɗin fobidon, mai ruwan ƙasa. Sifirit da haidurojin suna ƙona naman da ke ƙoƙarin warkewa, shuɗi kuma yana rufe launin fata har ka kasa ganin ko jan ruɓa na yaɗuwa. Auduga tana barin zare a ciwo, don haka goz za ka saya, na shimfiɗa da na naɗi, da yawa. Ƙara bandeji mai talewa guda biyu ko uku, babban ƙyalle mai kusurwa uku na rataye hannu, almakashi, hantsaki na cire ƙaya da kaska, safar hannu, da sabulu.

Jinin da ke tsartuwa daga saran adda danna shi ake yi: a cusa goz cikin raunin, a danne da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ya ƙi tsayawa a hannu ko ƙafa, nan ne igiyar ɗaure jini irin CAT ke ceton rai. Ta gaske tana da tsada, jabunta kuma sun cika kasuwar intanet, sandar murɗa su kan karye daidai lokacin da ake buƙata. Araha ba ta ado. Ko dai ayari ya haɗa kuɗi a sayi ta gaske ɗaya, wani ma'aikacin lafiya ya nuna muku yadda ake ɗaura ta da rubuta lokacin da aka ɗaura, ko kuma ku ƙara yawan goz da bandeji. Abin tallafe karaya mai lanƙwasuwa irin SAM yana da kyau kuma ba nauyi, amma a nan za ka iya tsimi, daji ba ya rasa sanda.

Maganar maciji ita ce inda aka fi cin kuɗin mutane. Yankin nan akwai kasa, akwai gamsheƙa, a ƙasan kwari kuma akwai kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi. Za a tallata maka baƙin dutse, za a tallata maka 'yar na'urar zuƙo dafi mai kama da sirinji. Kada ka sayi ko ɗaya. An gwada su, ba sa fitar da dafin da ya shiga jiki, kuma lokacin da za a ɓata ana manna su shi ne lokacin da ya kamata a yi amfani da shi a hanya. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tam da igiya ko roba, mutane da yawa sun rasa ƙafa saboda ɗaurin nan. Wasu kan tambaya ko za su sayi allurar kashe dafi su tafi da ita. Wadda ake amfani da ita a asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, wato EchiTAb, tana aiki sosai a kan kububuwa, amma firij take so, ta jijiya ake ba da ita, kuma tana iya tayar da borin jini mai kisa da sai ma'aikacin asibiti zai iya shawo kansa. Ba kayan jakar baya ba ce. Abin da jakarka za ta iya yi shi ne: a cire zobe da agogo kafin kumburi, a tallafe gaɓar kamar karaya, a kwantar da mutumin, a ɗauke shi kada ya taka, a ba shi farasitamol kaɗai, ban da asfirin da ibufurofen. In gamsheƙa ta yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Kuɗin da za ka ba mai baƙin dutse, ƙara shi ka sayi takalmi mai rufe idon sawu da tocila mai haske, domin da dare wajen fita kama ruwa ake yawan taka su. Kafin a shiga daji kuma a bincika wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar a ajiye.

Sauran ƙananan abubuwa: filasta mai faɗi ta naɗi don bororon ƙafa, a manna tun wurin yana zafi kafin ya tashi. Don harbin zuma da ƙaiƙayi, setirizin ya fi Piriton da rana, don Piriton na sa barci. Wanda ya taɓa shaƙewa bayan harbin zuma ya nemi likita ya rubuta masa allurar adirenalin. Maganin shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET, gidan sauro, da bargon leda mai ƙyalli, domin saman tsaunukan nan da dare akwai sanyin da mutumin Kano ko Sakkwato bai saba da shi ba, balle wanda ya jiƙe ko ya zubar da jini. Mai asma, ciwon suga ko hawan jini ya ninka maganinsa, ya raba shi jaka biyu. Allurar tetanus da ta shawara tun kafin a taso ake yin su.

Duk abin da za ka saya, ka saye shi a birni kafin ka taso, a kantin da ke da ƙwararren mai haɗa magani, ba a faranti a tasha ba. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, maganin maleriya kuma ka kankare lambar sirrin da ke jikin kwalin ka aika ta saƙo a tabbatar maka. Bar ƙwayoyi cikin takardarsu, kada ka juye su wuri ɗaya. Yawancinsu ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, don haka jakar ta zauna a tsakiyar kaya, ba a saman mota cikin rana ba. Idan ku da yawa ne, babbar jaka ta kasance wajen mutum ɗaya da kowa ya sani, kowa kuma ya riƙe 'yar ƙarama a jikinsa mai ORS, filasta, bandeji, farasitamol da usur, 'yan dako ma a lissafa da su wajen yawan magani. Can ciki sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne, saboda haka ka tambayi ofishin gandun da ke Serti wace hanyar sadarwa jami'an da za su raka ku ke riƙe da ita. In babu, ayari ya nemi hayar wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan adam, a kuma bar wa wani a gari sunan hanyar da za ku bi da ranar da ya kamata ku fito.