Litogirafin haske ko na ilektron: wanne ya dace da magudanar haske ta silikon?

Malam, ka tambaya wace hanya ce ta fi dacewa wajen zana magudanar haske (siririyar hanyar da haske ke bi a cikin na'ura) a kan faifan silikon, tsakanin litogirafin haske da na ilektron, wato hanyoyi biyu na fitar da ƙananan zane a kan faifan. A ganina, yawan kwafin da kake buƙata ne zai yanke hukunci, domin magudanar da aka saba ƙerawa, mai kaurin nanomita 220 da faɗin kusan nanomita 500 don haske mai tsawon zango nanomita 1550, kowace daga cikin hanyoyin biyu tana iya fitar da ita.

Litogirafin haske yana haska zanen gaba ɗaya ta cikin maski (farantin da ke ɗauke da zanen) zuwa kan rufin da ke jin haske wanda aka shafa wa faifan, shi ya sa masana'antu ke amfani da laser mai tsawon zango nanomita 248 ko 193 suna zana faifai masu yawa a cikin awa guda. Tsadarsa tana wajen maskin, kuma duk gyaran da aka yi wa zane sai an sake ƙera sabo.

Litogirafin ilektron kuwa ba ya buƙatar maski, siririyar kwararar ilektron ce ke bin zanen ɗigo bayan ɗigo kamar alƙalami, har tana iya sauka ƙasa da nanomita 10 a kan rufi irin na HSQ, wani sinadari da ke jin ilektron. Jinkirinsa sananne ne, amma akwai aibi biyu da suka fi shafar mai aikin haske. Na'urar tana zana ƙaramin fili ne sannan ta matsar da faifan, kuma idan mahaɗar filaye biyu ba ta daidaita ba, magudanar takan samu ɗan gurɓi a wurin wanda ke warwatsa haske. Haka nan ilektron da suka nutse cikin silikon sukan dawo su taɓa rufin da ke maƙwabtaka, sai ramukan da ke kusa da juna su fito da girman da ba shi aka tsara ba, sai dai a gyara adadin ilektron a manhaja tun kafin a fara zane.

Akwai kuma hanyar hatimi da masanin kimiyya Stephen Chou ya gabatar a 1995, inda ake zana hatimin sau ɗaya da ilektron, sannan a riƙa danna shi a kan rufi mai laushi.

Idan har yanzu kana sauya zanenka kowane mako, ka zauna kan ilektron, ka kuma tsara magudanar yadda sassanta masu muhimmanci ba za su ratsa mahaɗar filaye ba.